Kuɗin Wutar Kowa a Harabar Mai Otal

A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai otal ko mai babban kanti ko mai gidajen haya da ke son kafa wurin cajin motocin lantarki a harabarsa ba lallai ne ya ɗauki nauyin aikin shi kaɗai ba. Kamfanin da ke ba shi wuta zai iya zuwa ya haƙa rami, ya binne waya, ya sa sabuwar taransifoma da mita, ya kai layi har gindin inda na'urar cajin za ta tsaya, sannan idan mai wurin ya sayi na'urar a mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta a jihar ta amince da shirye-shirye irin wannan a 2016 ga manyan kamfanoni uku: Southern California Edison ya fara da dala miliyan 22, San Diego Gas & Electric da miliyan 45, PG&E kuma da miliyan 130. A 2020 aka ƙara wa na farkon dala miliyan 436 don kafa bakunan caji kusan 38,000, kuma a wannan shekarar ce jihar New York ta amince da nata shirin na dala miliyan 701. Wanda ya ga tallar waɗannan shirye-shirye zai zaci kamfanin wuta ne ke kyauta daga aljihunsa, alhali abin da ya kashe ana zuba shi ne cikin lissafin farashin wuta, a rarraba wa duk mai mita a yankin ya riƙa biya kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Matar da ke wanke-wanke a otal ɗin, wadda ke zuwa aiki a bas kuma ba ta taɓa sa ran mallakar motar lantarki ba, tana da kuɗinta a cikin wayar da aka binne a harabar ubangidanta.

Mota sabuwa ce, amma tambayar da ta taso tsohuwa ce, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna fama da ita: da wane haƙƙi ake karɓar kuɗi a hannun kowa da kowa don aikin da amfaninsa zai fara sauka a kan wasu 'yan kaɗan, waɗanda kuma galibinsu masu hali ne? Abin da nake gani shi ne wannan karɓa tana iya halatta, har ma ta zama wajibi a wasu lokuta, amma halaccinta yana rataye ne a kan abu guda: abin da aka saya da kuɗin jama'a ya ci gaba da zama na jama'a bayan an gama biki an watse. Duk inda kuɗin ya rikiɗe ya zama kadarar mutum ɗaya a bayan ƙofa mai makulli, to an fita daga maslaha an shiga cin dukiyar mutane, ko da an yi hakan da sunan tsabtace iska.

Sai an fara da gane wace irin dukiya ce ake taɓawa. Kuɗin wuta ya bambanta da kuɗin da mutum ke kai wa kasuwa, inda in bai ga dama ba ya wuce rumfar gaba. A yawancin jihohin Amurka kamfani ɗaya ne ke da wayoyin yanki guda, doka ta ba shi wannan dama, kuma ba wanda zai iya cewa ya daina amfani da firiji ko fitila don bai yarda da yadda ake kashe kuɗinsa ba. Ya kuma bambanta da harajin kuɗin shiga, wanda majalisa ke zama ta yanke a bainar jama'a kuma yake ƙaruwa gwargwadon samun mutum. Attajiri ba ya kunna wuta ninki ɗari na talaka don ya fi shi kuɗi ninki ɗari, saboda haka duk ƙarin da aka ɗora a kan wuta ya fi cizon mai ƙaramin ƙarfi. A ɗaya ɓangaren kuma, masu amfana na farko an san su. Masanan tattalin arziki biyu na jami'ar Berkeley, Severin Borenstein da Lucas Davis, sun duba wanda ya ci moriyar rangwamen harajin da gwamnatin tarayyar Amurka ta ba masu sayen motar lantarki a shekarun farko, suka gano a binciken da suka fitar a 2016 cewa kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi ga kashi 20 cikin 100 na mutanen da suka fi kowa samu. A shari'a asali shi ne dukiyar mutum haramun ce ga waninsa sai da yardarsa, kuma wanda zai keta wannan asali shi ne zai kawo hujja. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya yarda a littafinsa al-I'itisam cewa shugaba na iya ɗora wa mutane wani abu bayan zakka idan baitulmali ya ƙare kuma buƙata ta tabbata, amma ya gindaya sharuɗɗa: shugaban ya zama adali, a karɓa gwargwadon buƙata, a daina idan ta wuce, kuma a kan mawadata za a ɗora. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Hausa da su a Kitabul Farƙi, akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora musu ba. Tsarin da ke karɓa daga kowa ba tare da duba ƙarfinsa ba, ya miƙa wa mai otal, ya fara ne da bashi a kansa tun kafin a ji hujjarsa.

Hujjar kuwa tana da nauyi, kuma zalunci ne a yi kamar babu ita. Mutane ba sa sayen motar lantarki inda ba su ga wurin caji ba, 'yan kasuwa kuma ba sa kafa wurin caji inda ba su ga motocin ba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Na'urar caji mai sauri, wadda ke jan kilowat 150 zuwa 350, tana iya cin fiye da dala 100,000 idan aka haɗa da aikin kafa ta, kuma a shekarun farko za ta yini yawancin lokaci ba kowa a kanta. In an bar wa kasuwa, jiran zai yi tsawo, kuma akwai masu biyan kuɗin jiran da lafiyarsu. Sufuri ne ke fitar da kusan kashi 28 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya a Amurka, a Kalifoniya kuwa wajen kashi 40. Hayaƙin ba ya sauka daidai a kan kowa. Unguwannin da ke kewaye da tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach, da waɗanda ke gefen babbar hanya mai lamba 710 da manyan motocin dizal ke bi dare da rana, unguwannin marasa ƙarfi ne, kuma 'ya'yansu ne ke fama da asma. Akwai kuma batun mazauna gidajen haya. Mai gidan kansa yana sa soket a garejinsa ya yi caji da dare a farashi mai sauƙi. Wanda ke haya a bene na uku ba shi da wannan dama, kuma in dai ba a kafa wurin caji a gidan da yake ko wurin aikinsa ko bakin titi ba, motar lantarki za ta dawwama abin masu gida. Ta wannan fuska, ƙin tallafawa shi ma zaɓi ne da ke fifita mai hali.

Musulunci bai taɓa cewa amfanin dukiyar jama'a dole ya koma ga wanda ya biya a ranar da ya biya ba. Lokacin da aka ci ƙasar Sawad ta Iraƙi, wasu sahabbai sun nemi a raba gonakin ga mayaƙa kamar sauran ganima, Sayyidina Umar ya ƙi, ya bar ƙasar a hannun manomanta ana karɓar haraji, yana kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri da suka ambaci waɗanda za su zo daga baya, da kuma hanin da surar ta yi na kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kawai. Ya hana mutanen da ke gabansa wani abu don mutanen da ba a haifa ba tukuna. Mai kare tallafin caji yana da damar ya ce irin wannan yake yi: yau ana biya, jikoki su shaƙi iska mai tsabta. Na yarda da rabin maganar. Amma surar da ta halatta duba na baya ita ce kuma ta hana dukiyar ta taru a hannun masu ita, kuma ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Tarihin Amurka kanta ya nuna bambancin. A 1935, lokacin da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki domin kamfanoni sun ga ba riba a jan waya zuwa ƙauye. Kuɗin da ya warware matsalar rance ne mai sauƙin ruwa daga asusun gwamnati, kuma yawancinsa ya tafi ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa da manoman suka mallaka da kansu. Cikin shekara ashirin kusan gonaki tara cikin goma sun samu wuta. Kuɗin jama'a ya gangara daga sama zuwa ƙasa, kuma wayar ta zama ta waɗanda aka ja wa.

Masu kare shirin suna da wata hujja mai ƙarfi, ta lissafi. Babban kaso na kuɗin wuta na kula da wayoyi da turaku da taransifoma ne, waɗanda dole a biya ko an sha wuta da yawa ko kaɗan. Idan motocin lantarki suka ƙara yawan wutar da ake saya, musamman da tsakar dare lokacin da layukan ba su da nauyi, sai wannan kuɗi ya rarrabu a kan wuta mai yawa, farashin kowane kilowat ya sauka ga kowa, har da wanda bai da mota. Kamfanin bincike na Synapse Energy Economics ya yi lissafin yankunan manyan kamfanonin Kalifoniya daga 2012 zuwa gaba, ya ce masu motocin lantarki sun biya ɗaruruwan miliyoyin daloli fiye da abin da aka kashe saboda su. In haka ne, matar mai wanke-wanke jari ta zuba, zai dawo mata. Ina ɗaukar wannan hujja da muhimmanci, amma alkawari ce mai sharaɗi. Tana tsayawa ne idan ana caji a lokacin da layi ba cunkoso, idan wuraren da aka kafa ana amfani da su, idan kuma hukuma ta tabbatar rarar ta koma ga masu mita. Wurin caji mai sauri da ke jan wuta da yamma, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, nauyi yake ƙarawa. Kuma wanda aka zuba kuɗinsa a jari ba da shawararsa ba yana da haƙƙin ganin lissafi a fili duk shekara, a harshen da zai gane.

Ma'aunin da na fi ganin ya dace da wannan lamari ya fito ne daga bakin kogin Dijla. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa da ya rasu a 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid littafin Kitabul Kharaj, a ciki ya tattauna wanda ya kamata ya biya kuɗin yashe koguna da gyaran madatsun ruwa. Manyan koguna irin su Dijla da Furat, waɗanda ba mallakar kowa ba ne kuma lalacewarsu ta shafi kowa, nauyinsu na kan baitulmali. Magudanar da mutum ya ja zuwa gonarsa ko lambunsa kuwa, shi zai yashe abinsa, baitulmali ba ya sa ko kwabo. Malaman Hanafiyya na baya sun faɗaɗa wannan rabo, suka sa mataki na tsakiya ga magudanar da jama'a da yawa suka yi tarayya a kanta, inda masu shan ruwan ke haɗa kuɗi. Hikimar rabon ita ce ana duba inda amfanin ya tsaya, sai nauyi ya bi shi. Idan aka ɗora wannan a kan wurin caji, za a ga layin da ke shigowa unguwa, da taransifomar da za ta ɗauki nauyin gidaje da shaguna da yawa, su ne kogin. Na'urar da ke cikin garejin kamfani mai ƙofa, wadda ma'aikatansa kaɗai ke da katin shiga, magudanar lambu ce. Daga nan ake gane cewa tsarin da kamfanin wuta ke tsayawa a kan kai layi zuwa bakin wuri ya fi sauƙin karewa a gaban adalci fiye da tsarin da ke miƙa wa ɗan kasuwa tsabar kuɗi ya sayi kayan da za su zama nasa, ya kuma sayar da cajin a farashin da ya ga dama.

Za a ce iyakar ba ta fito sarai haka ba, kuma gaskiya ne. Wata taransifomar an sa ta ne don otal ɗaya tak, wata na'urar kuma tana harabar kanti amma kowa na iya tsayawa ya yi caji. Saboda haka sunan kayan bai isa ya yanke hukunci ba, sai an duba ƙofa: wa zai iya shiga, a wane lokaci, da wane farashi. Shirin New York, yadda aka amince da shi a 2020, ya kama hanyar wannan tunani. Wurin da ba a buɗe wa jama'a ba, kamar garejin ma'aikata, ana biya masa har kashi 50 cikin 100 na aikin kai layi. Wanda ke buɗe ga kowa kuma bakin cajinsa ya dace da motoci iri-iri yana samun har kashi 90. Wasu wuraren da ke unguwannin marasa ƙarfi suna samun har kashi 100. An kuma ware dala miliyan 206 daga cikin 701 ɗin don amfanin irin waɗannan unguwanni. Wannan tsani ya yi kusa da matakan malaman fiƙihu, sai dai ni ina ganin kashi 50 ɗin nan ya yi yawa ga wurin da mai biyan kuɗin ba zai taɓa iya sa ƙafa ba. Babban kamfani da ke son ma'aikatansa su samu caji yana yin haka ne don ya riƙe su, kamar yadda yake ba su abinci ko inshorar lafiya, kuma ba wanda ya taɓa cewa maƙwabta su haɗa masa kuɗin abincin.

Buɗe ƙofa kawai bai wadatar ba idan mai ƙarfi ne zai cika wurin. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin hurumin kiwo da Sayyidina Umar ya keɓe, ya naɗa baransa Hunayyu ya kula da shi. Umarnin da ya ba shi shi ne ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya yi hattara da garkunan Ibn Auf da Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun mutu sai dai ya zo da 'ya'yansa ƙofar halifa. Waɗannan biyun manyan sahabbai ne da aka yi wa bushara da Aljanna, ba a zarge su da komai ba. Arzikinsu kawai ya sa aka ce su dakata. Southern California Edison ya yi alkawarin sa rabin wuraren cajin shirinsa na 2020 a unguwannin da jihar ta ayyana a matsayin waɗanda gurɓacewar iska da talauci suka fi yi wa illa, kuma wannan mataki ne mai kyau. Amma akwai gyara a nan, kuma masu suka sun faɗe shi: kafa na'ura a unguwar talakawa daban, amfanar talakawa daban. Ofishin babban kamfani yana iya kasancewa a cikin irin wannan unguwa a taswira, ma'aikatansa su zo daga nesa da safe su yi caji su koma da yamma, a rubuta a rahoto cewa an taimaki marasa ƙarfi. Abin da zai kai ga mutanen unguwar da gaske shi ne cajin bas ɗin da suke hawa da bas ɗin makarantar 'ya'yansu, da cajin manyan motocin da ke turnuƙe musu iska, da wurin caji a gidajen haya masu arha inda wanda ya sayi motar hannu zai iya amfani da shi. Dala ɗaya da ta maye gurbin motar dizal a hanyar 710 ta fi kusa da manufar shirin fiye da dala goma a harabar wurin shaƙatawa.

Sai batun abin da ke faruwa bayan an yanke ƙyalle. A 2022 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin wani malamin jami'ar Berkeley sun zagaya wuraren caji mai sauri na jama'a 181 a yankin San Francisco, suka gwada bakunan caji 657, suka tarar kashi 72.5 cikin 100 ne kawai ke aiki. Wasu allonsu ya mutu, wasu sun ƙi karɓar kuɗi, wasu wayarsu ba ta kai ga mota ba. Na'urar da aka tallafa wa da kuɗin mutane ta lalace aka bar ta, amana ce aka ci, ko da ba wanda ya sa kwabo a aljihu. A nan ma akwai abin koyi a zamanin Umar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Bilal ɗan Harisu al-Muzani fili a kwarin Aƙiƙ. Da Umar ya ga bai iya raya shi duka ba, sai ya bar masa abin da zai iya nomawa ya karɓe sauran ya raba wa Musulmi. Kyautar Manzon Allah ce, amma an fahimce ta a matsayin kyauta mai manufa, wadda ke faɗuwa idan manufar ta faɗi. Gwamnatin tarayyar Amurka ta sa sharaɗin cewa wuraren cajin da aka gina da kuɗin shirinta na manyan hanyoyi su kasance suna aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci. Duk tallafin da ba shi da irin wannan sharaɗi, tare da ikon karɓo kuɗin daga wanda ya saɓa, sadaka ce ga mawadaci da dukiyar wanda bai ba da izini ba.

Akwai wani mai cin moriya da ba a cika ambatonsa ba, wato kamfanin wutar kansa. Dokar Amurka ta ba irin waɗannan kamfanoni damar cin riba a kan jarin da suka zuba a kayan aiki, kuma a Kalifoniya ribar da ake amince wa masu hannun jari tana wajen kashi 10 cikin 100. Tun 1962 masana biyu, Averch da Johnson, suka nuna cewa wannan tsari yana sa kamfani son kashe kuɗi a gine-gine fiye da kima, tunda yawan kashewa shi ne yawan riba. To ga shiri da zai ba kamfani damar binne waya ya ci riba a kanta, sannan ya sayar da ƙarin wuta ta cikinta, idan kuma wurin ya zama kufai masu mita ne za su biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar fiƙihu sananniya ta ce wanda ke cin riba shi ke ɗaukar asara, kuma wannan ne ya sa nake ganin hukumar jihar Kansas ba ta yi kuskure ba a 2016 da ta ƙi barin kamfanin Kansas City Power & Light ya ɗora wa masu mita kuɗin wuraren cajin da ya shiga kafawa, tana mai cewa bai tabbatar da buƙatar ba. Kalifoniya kanta ta hana kamfanonin wuta mallakar wuraren caji a 2011, sai a ƙarshen 2014 ta ɗage hanin. Abin da adalci ke nema shi ne masu hannun jari su ɗauki wani kaso na hatsarin, ribarsu ta dogara da ko wuraren suna aiki kuma ana amfani da su.

Mutum biyu za su ƙi wannan matsaya, kowa daga nasa gefen. Na farko zai ce a bar kasuwa ta yi aikinta, ya nuna Tesla, wanda tun 2012 ya fara kafa wuraren cajinsa masu sauri ba tare da jiran kamfanin wuta ba. Misalin na da ƙarfi, amma Tesla ya samu rancen dala miliyan 465 daga gwamnatin Amurka a 2010, kuma shekaru da dama wuraren nasa na masu motarsa ne kaɗai, motar da talaka ba ya iya saya. Kasuwa ta gina wa masu kuɗi nasu, kamar yadda ta saba. Na biyu zai ce ɗumamar yanayi ba ta jiran a gama tace adalci, a kafa ko'ina da sauri, a gyara daga baya. Na fi jin tausayin wannan, domin larura gaskiya ce. Sai dai malamai da suka ce larura tana halatta abin da aka hana sun ƙara da cewa ana auna ta gwargwadonta, kuma larurar duniya ba ta nuna cewa wannan otal ɗin ne ya kamata ya samu kuɗin ba. Ban da haka, farashin wuta a Kalifoniya yana cikin mafi tsada a Amurka, kuma duk ƙarin da aka yi masa yana rage ribar barin fetur a koma lantarki. Shirin da ke tsadar da wuta don ya yaɗa motar lantarki yana iya kashe abin da ya fito rayawa, ya kuma mayar da talakawa abokan gabar aikin da su ne suka fi kowa buƙatarsa.

Da za a bi tsarin Shaɗibi sau da ƙafa, da daga harajin gwamnati ya kamata yawancin kuɗin ya fito, inda mai yawa ke biyan mai yawa. Amurka ta gwada haka: dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 7.5 don wuraren caji, dokar 2022 kuma ta faɗaɗa rangwamen haraji ga 'yan kasuwar da suka kafa su a yankunan karkara da na marasa ƙarfi. Amma abin da majalisa ta bayar majalisa na iya janyewa, kuma a 2025 an yi dokar da ta gajarta wa'adin wannan rangwame. Wannan ne ya sa masu son shirin suka fi natsuwa da hanyar kuɗin wuta: ba ta bi ta zauren majalisa, ba ta da hayaniya, 'yan sentoci ne da ba wanda ke lura da su a takarda. Ni kuwa wannan sauƙin ne ke damuna, domin kuɗin da ake karɓa ba a ji ba shi ne ake kashewa ba a tambaya ba. Kalifoniya tana da tsarin da ke rage wa gidaje masu ƙaramin samu kashi 30 zuwa 35 cikin 100 na kuɗin wuta, wanda ke sassauta nauyin, amma bai kai ga ɗimbin mutanen da suka ɗan haura layin cancanta ba kuma suke fama.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya ganin abin ya yi nisa da shi, amma bai yi nisan da ake zato ba. Motocin haya masu lantarki sun riga sun fara yawo a Maiduguri, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a ranar 29 ga Mayu 2023 ake ta maganar motocin da ba sa shan mai. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana, wato an riga an fara raba layuka tsakanin masu samun wuta da masu jira. Ranar da wani zai kawo shawarar a tallafa wa gidajen mai da manyan kantuna su kafa wuraren caji, ya kamata a tambaye shi daga wane aljihu kuɗin zai fito, kuma daga wane layi za a karkato wutar. A garin da unguwa ke haɗa kuɗi da kanta ta gyara taransifomar da ta ƙone, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara suna gaba da mai motar gida a layin haƙƙi, kuma idan za a fara da abin hawa, a fara da A Daidaita Sahu da bas ɗin da ke kai mutane kasuwa.